Tsohon agogo mai lilo da lokacin GPS: akwai wanda ya taɓa haɗa su?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Akwai wani tsohon agogon bango da na gada a wajen kakana, irin dogon nan mai gilashi da ake hango lilon yana kai da kawowa a ciki, nauyi guda ne ke jansa ba sifirin ba, sati-sati nake masa wani da makulli. Lafiyarsa lau yana tafiya, matsalar dai latti. Kullum sai ya ci kusan sakan 40, kafin sati ya zagayo ya tara mun kusan minti biyar, in na murɗa notin da ke ƙasan lilon kuma sai ya koma gudu, na rasa tsakiyar abin. To na ji an ce ana iya ɗaure lilon da lokacin GPS ta hanyar lantarki ba tare da an cire injin ba. Gaskiya ne? Ni dai sharaɗina ɗaya, ba na son a huda komai a jikinsa.

Kabiru_K: Wa alaikumus salam. Yallabai cire injin ka sa na batir a bayan fuskar, lilon ma akwai na ado da batir ke kaɗawa, ba wanda zai gane 😂

Baban Ummi: Haba Kabiru, ai in haka ne gara na rataya hoton agogo kawai.

Baba Mai Agogo: Salamu alaikum. Ɗana kafin a kai ga maganar waya da lantarki, yaushe rabon da a wanke injin nan a sa masa mai? Na fi shekara talatin ina wannan aiki kuma mafi yawan agogon da ake kawo mun wai yana latti, datti ne da busasshen mai. In injin ya ƙoshi, a bangon da ba ya motsi, agogo irin naka bai kamata ya wuce 'yan sakanni a rana ba. Noti kuma ba a murɗa shi kamar famfo. Kwata ake juyawa a jira kwana ɗaya cur a duba, a sake. Garin gyaran gira kar a rasa ido.

Baban Ummi: Baba an wanke shi bara. Amma maganar noti kam ka kama ni, zagaye ɗaya ko biyu nake yi lokaci guda.

Malam Tukur: To ai shi ya sa. Bari na ɗan sa lissafi a ciki. Baban Ummi ƙirga mana bugu nawa yake yi a minti ɗaya, kowane tik ko tak bugu ɗaya ne.

Baban Ummi: Na ƙirga sau uku, 80 ne.

Malam Tukur: Madalla. Kenan zuwa da dawowa sakan ɗaya da rabi ne, tsawon lilon zai kai wajen santimita 56. Abin da ke yanke saurin lilo abu biyu ne, tsawonsa da ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi, nauyin dunƙulen da ke ƙasa ba ruwansa a ciki. A rana akwai sakan 86,400. A lilo mai tsawon naka, in ka ɗaga dunƙulen da milimita ɗaya tak, agogon zai ƙara gudu da wajen sakan 77 a rana. Ka ga sakan 40 ɗin da ke damunka rabin milimita ne kawai, kai kuma kana zagaye biyu. A dogon agogon nan na tsaye mai lilo kusan mita ɗaya, santimita 99.4, wanda ke buga sakan cif, milimita ɗaya sakan 43 ne.

Amma ko ka dace da saitin yau, gobe zafi ko sanyi zai ɓata shi. Sandar ƙarfe tana miƙewa da zafi, kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana jawo lattin kusan rabin sakan a rana. Ɗaki ya canza da digiri goma, sakan biyar kenan. Wannan ne ya wahalar da mutanen da, George Graham ya yi lilo mai zaiba a 1721, John Harrison ya yi na sanduna masu ƙarfe iri biyu da ke soke miƙewar juna, daga baya a 1896 Guillaume ya gano gamin ƙarfen invar da kusan ba ya miƙewa, har Nobel aka ba shi a 1920. Kenan noti kaɗai ba zai taɓa kai ka inda kake so ba.

Kabiru_K: Malam Tukur an samu allo 😂 ci gaba muna rubutawa

Inj. Hauwa: Baban Ummi abin da ka ji gaskiya ne kuma na taɓa yi, ba a huda komai. Tsarin a taƙaice haka yake: ka manna ɗan ƙaramin maganaɗisu a bayan dunƙulen lilon, ƙarami sosai kamar ƙwayar magani, da irin gam ɗin da ake iya ɓamɓarewa. Sai kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya da ke zama maganaɗisu in an ba ta wuta, a jikin akwatin daga ciki inda maganaɗisun zai zo kusa da shi. Sai sensa da za ta gaya wa ɗan allon kwamfuta irin Arduino ko ESP32 daidai lokacin da lilon ya wuce tsakiya, ni ta haske na fi so, wadda ɗan tsinke ke ratsawa ya yanke hasken. Sai ɗan modul na GPS irin NEO-6M, ba don ya nuna maka hanya ba, akwai ƙafa ɗaya a jikinsa mai suna PPS da ke ba da bugu ɗaya a farkon kowane sakan, kuma bugun daidai yake har ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Shikenan, allon yana kwatanta wucewar lilo da bugun GPS, in lilo ya makara sai a ba kwayil wuta na ɗan ƙiftawa ya ɗan tura shi.

Kuma ka yi sa'a da 80 ɗin nan, sbd duk sakan 3 lilonka ya cika zagaye biyu daidai. Wasu agogunan lambar bugunsu ba ta rabuwa haka, sai an ƙirga haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya kafin a san ainihin abin da ya kamata su buga a awa.

Auwalu Tronics: Anti Hauwa ni ina ganin GPS ɗin nan wahala ce, a cikin ɗaki ba ya kama sigina sai an kai eriya taga. Me zai hana a yi amfani da kiristal mai ƙirga lokaci na cikin Arduino kawai ko intanet tunda ESP32 yana da wifi

Inj. Hauwa: Na cikin Arduino manta da shi Auwalu, a Arduino Uno ma ba kiristal ke tafiyar da babban guntun ba, resoneta ce wadda ba ta kai shi daidaito ba, tana iya kuskuren da ya fi na agogon da muke son gyarawa, kaga an gudu ba a tsira ba. Kiristal na agogon hannu mai kaɗawa sau 32,768 a sakan, in ya kauce da kashi 20 cikin miliyan, sakan 1.7 kenan a rana. Wanda ya fi dama shi ne ɗan guntun agogo mai suna DS3231, yana auna zafi yana gyara kansa, kashi 2 cikin miliyan, wajen minti ɗaya a shekara. Intanet kuma tana yi, NTP, tsarin karɓar lokaci ta intanet, zai ba ka lokaci da kuskuren 'yan milisakan, amma kar ka tura lilo kai tsaye da shi don amsar tana rawa, yau ta zo da wuri gobe ta makara. A bar shi ya riƙa gyara agogon cikin allon a hankali, shi kuma na cikin ya ja lilo.

Alhaji Bature: Ni lokacin da nake aiki a Jamus agogon rediyo muke amfani da shi, DCF77, tashar tana Mainflingen kusa da Frankfurt a kan kilohaz 77.5. Ingila suna da MSF a kan 60, Amurka WWVB ita ma 60, Japan JJY. Ɗan modul ne ƙarami da eriyar sanda, ba sai ya ga sama ba. Sai dai fa ta Jamus ɗin iyakarta wajen kilomita 2000, in ka yi nisa da tashoshin nan ba abin da za ka kama sai hayaniya, ga caja da fitilun zamani suna kashe siginar ko kana kusa.

Inj. Hauwa: Haka ne Alhaji, shi ya sa na ce GPS, shi ko'ina yake in dai eriya ta ga sama. A haɗa shi da DS3231 ya riƙe lokaci in sigina ta ɓace.

Baba Mai Agogo: Ni fa har yanzu raina bai kwanta ba. Maganaɗisu da agogo ba sa ga maciji. In ya kusanci injin, ƙarafan ciki su ɗauka, su riƙa tara ƙurar ƙarfe a bakin ramuka, nan da shekara biyu ka dawo kana kuka. Kuma in dai wani abu ne daga waje ke gaya wa lilo yaushe zai tafi, to agogon ya zama ɗan amshin shata.

Malam Tukur: Baba maganarka ta farko abin dubawa ce, shi ya sa ake sa ƙaramin maganaɗisu can ƙasa, rabin mita daga injin. Amma ta biyun zan ɗan yi maka musu da ladabi. Wannan dabara ta girme mu duka, masu agogo ne da kansu suka ƙirƙiro ta. Tun 1665 Huygens, wanda ya fara ƙera agogon lilo a 1656, ya lura agoguna biyu da ya rataya a katako ɗaya suna daidaita kansu, ko ya hargitsa su sai su koma, ɗan motsin da ke bi ta katakon ya isa. A 1857 wani shugaban tashar jirgin ƙasa a Chester ta Ingila mai suna Jones ya yi rajistar hanyar da babban agogo ke aika wuta ta waya zuwa kwayil a lilon wasu agogunan ya riƙe su a kan lokaci ɗaya. Sai babban cikinsu, agogon Shortt na 1921, lilo biyu ne, ɗaya a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska ba ya aikin komai sai lilo, ɗayan shi ke jan hannaye. Na biyun da gangan ake saita shi ya riƙa ɗan latti, duk sakan 30 na farkon ya aiko sigina, in ya tarar ya makara sai wani ɗan sifirin ya taɓa shi ya ɗan ƙara masa sauri, in bai makara ba a wuce shi. Kuskurensa wajen sakan ɗaya ne a shekara. Abin da Injiniya ta kwatanta shi ne wannan, kawai tauraron ɗan adam ne ya maye gurbin lilon cikin tukunya.

Baba Mai Agogo: To Malam na ji. Na san na Landan ma Big Ben tsofaffin kwabbai ake ɗora wa lilonsa, kwabo ɗaya ya ƙara masa kashi biyu cikin biyar na sakan a rana. Amma can hannu ne ke ɗorawa, mutum ne ke kula. A dai yi a hankali.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai jama'a. Na samo kayan, zan gwada ƙarshen sati in sha Allah.

Baban Ummi: Jama'a a taimaka, abu ya kwaɓe. Na manna maganaɗisun a ƙasan dunƙulen, kwayil kuma na ciro daga wani tsohon rile, makunnin nan da maganaɗisun wuta ke ja, na ajiye a ƙasan akwatin daidai tsakiya, tazarar kamar faɗin yatsa. Ko wuta ban haɗa ba wlh, wayoyin ma a sake suke. Da safe na duba agogon da ke latti ya koma gudu, a kwana ɗaya ya wuce da kusan minti huɗu, kuma in ka zura ido za ka ga lilon yana ɗan fizga in ya zo tsakiya kamar an ja shi, sautin ma ya canza.

Kabiru_K: Baba Mai Agogo yana can yana murmushi

Baba Mai Agogo: Ban ce komai ba.

Inj. Hauwa: Laifina ne da ban faɗa ba, yi haƙuri. Kwayil ɗin rile akwai ƙarfe a tsakiyarsa, maganaɗisu kuwa ba ya jiran wuta kafin ya ja ƙarfe. Duk wucewa sai ya janyo lilon zuwa tsakiya, kamar ka ƙara wa ƙasa ƙarfin ja ne, dole ya yi gudu. Cire shi yanzu. Kwayil mara ƙarfe a ciki ake so, ka samu siririyar wayar kofa mai rufin fenti ka naɗa a kan ɗan bututun roba, ko ka zare ƙarfen daga na rilen in zai fita. Ka duba kuma ko akwai ƙusa ko sukurun ƙarfe a katakon kusa da hanyar maganaɗisun, su ma haka za su yi. Sannan kar ka haɗa kwayil kai tsaye da ƙafar ESP32, ta tiransista za ka bi, ka sa dayod a juye a kan kwayil ɗin, in ba haka ba ranar da ka yanke wuta zai mayar da bugu ya ƙona maka abu.

Malam Tukur: Ni kuma wurin da ka ajiye shi ne ban yarda da shi ba. Tsakiya ba wurin gyaran lokaci ba ne. In ka tura lilo daidai lokacin da yake tsakiya, faɗin lilonsa kawai ka ƙara, lokacin bai motsa ba, George Airy ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19, shi ya sa masu ƙera agogo ke son injin ya ba da turinsa a tsakiya. Mu kuma akasin haka muke nema, mu taɓa lokaci mu bar faɗin. Wurin wannan shi ne ƙarshen lilo, inda yake tsayawa cak kafin ya juyo. In ka ɗan tura shi ciki a nan zai dawo da wuri, in ka ɗan riƙe shi waje zai makara, kuma tunda a tsaye yake a lokacin kusan ba ka ƙara masa ƙarfi ba ka rage ba.

Kar a raina maganar faɗin nan. Lilo mai buɗewa digiri 2 kowane gefe in ya koma digiri 3, zai yi lattin ƙarin wajen sakan 8 a rana. Kenan in turinka yana faɗaɗa lilon, kana ƙara masa sauri da hannun dama kana rage masa da hagu.

Auwalu Tronics: To Malam ni a wani bidiyo na ga ba sensa ba komai, kawai ana ba kwayil wuta duk sakan kaza daga GPS, lilon da kansa yake zuwa ya kama. Ba sai an rubuta wani dogon kod ba

Malam Tukur: Yana aiki, irin na Huygens ne da na Jones. Lilon zai zame har ya samu wurin da turin ke biyan lattinsa daidai ya tsaya a nan. Sharaɗin shi ne agogon ya riga ya kusa daidai. In kuskurensa ya fi ƙarfin turin, zai kama na ɗan lokaci ya kuɓuce ya sake kamawa, kai kuma ba ka sani ba tunda ba abin da ke ƙirgawa.

Inj. Hauwa: Wannan rashin sanin shi ne ya sa nake dagewa a kan sensa. Baban Ummi ga yanda za ka yi. Da farko kashe kwayil gaba ɗaya, bar maganaɗisun a jiki tunda shi ma ya canza saitin, ka bar allon yana auna lilon kawai na kwana uku ko huɗu. Ka bi shawarar Baba ta kwata-kwata har ka kawo shi yana lattin sakan 6 zuwa 8 a rana, kar ka nemi sifili, so muke ko ranar da ta fi sanyi ya kasance yana latti, don turinmu hanya ɗaya yake. Sakan 8 a rana in ka raba, duk sakan 30 bai kai milisakan 3 ba. Ka ga abin da kwayil zai biya kenan, ɗan mitsitsi. Duk sakan 30 allon ya duba, in lilo yana baya ya jira ya kai ƙarshe ya ba da wuta na milisakan 20 ko 30, in ba ya baya ya ƙyale shi. Ka fara da wuta kaɗan, in da ido kana ganin lilon ya zabura to ta yi yawa. In ka ga kusan rabin dubawar ana turi rabi ana wucewa, ka dace.

Baban Ummi: Alhamdulillah. Na naɗa sabon kwayil a kan murfin biro, na maido maganaɗisun gefen dunƙulen, kwayil ɗin na maƙale a bangon akwatin na dama da salatif mai fuska biyu. Da farko na juya wayoyin sai ya zama ja yake maimakon turi, lattin ya ƙaru, na musanya su. Yau kwana biyar, lilon bai kauce daga GPS da fiye da milisakan 10 ba. Na sa ɗan fitila kore da ke ƙiftawa duk turi, jiya da rana da aka yi zafi sai ƙiftawa take a kai a kai, da asuba kuma sai ta daɗe shiru. Na zauna gabansa kusan awa ina kallo kamar talabijin, har mai ɗakina ta tambaya ko lafiya.

Kabiru_K: Agogo ya zama ma'aunin zafi, riba biyu 👏

Alhaji Bature: Ma sha Allah. Tambaya ɗaya, in wuta ta ɗauke fa?

Inj. Hauwa: Agogon zai ci gaba abinsa da lattinsa na sakan 8 a rana, ba abin da zai same shi, wannan shi ne daɗin tsarin. Inda gizo ke saƙar shi ne dawowar wutar. In allon ya manta ƙirgarsa zai kama lilon da ya fi kusa ne kawai, fitila ta yi kore komai ya yi kyau, alhali an yi asarar zagaye biyu ko uku a tsakani, kowane sakan ɗaya da rabi. Sai dai a sa masa batir ya ci gaba da ƙirga, ko ya riƙa ajiye lambar.

Auwalu Tronics: Kuma na karanta wai lokacin GPS ya sha bamban da na duniya da sakan 18, ba zai shafe shi ba?

Malam Tukur: Gaskiya ne 18 ne, don GPS ba ya saka sakan ɗin da ake ƙarawa lokaci-lokaci saboda juyin duniya, amma modul ɗin da kansa yake cirewa ya ba ka UTC, wato lokacin duniya, bugun PPS kuma farkon sakan ne a duka biyun. Rabon da a ƙara irin wannan sakan tun 31 ga Disamba 2016, kuma a 2022 an yanke shawarar daina shi zuwa 2035. Kar ya hana ka barci.

Baban Ummi: Salam jama'a na sake dawowa, wannan karon kaina ya ɗaure. Sati uku kenan, wuta ba ta yanke wa allon ba ko sau ɗaya tunda na sa batir, ƙirgar lilo ta cika cif, 57,600 kowace rana ba ragi ba ƙari. Amma hannun agogon yana baya da wajen sakan 45. Na gwada da waya na gwada da abin da GPS ɗin ke nunawa, haka ne. Ta yaya lilo zai zama daidai hannu ya yi latti?

Auwalu Tronics: Kod ne, akwai inda lamba ke cika ta koma sifili, turo mu gani

Inj. Hauwa: Na duba abin da ya turo mun Auwalu, kod ɗin lafiya lau. Ko dai 80 ɗin ba 80 ba ce daidai, a ƙirga haƙora? Amma da haka ne lattin zai riƙa taruwa kullum daidai wa daida. Baban Ummi kullum yake ƙaruwa ko tsalle yake?

Baban Ummi: Yanzu da kika faɗa, satin farko har ranar shida daidai yake da sakan. Daga baya ne na ga 15, sai kuma 30.

Baba Mai Agogo: Ɗana, wace rana kake masa wani?

Baban Ummi: Lahadi Baba.

Baba Mai Agogo: To ranar Lahadi in ka sa makulli kana juyawa, kasa kunne. Ba za ka ji tik tak ba. Lokacin da kake ɗaga nauyin, ƙarfin ya bar kan giyoyin, lilon yana ta kaɗawa da ƙarfin da ya tara amma ƙafar haƙoran, wato giyar da ke yin tik tak, ba ta tafiya, wani sa'in ma baya take ɗan komawa. Na'urarku lilo take kallo, ba ta san hannu ya tsaya ba. Sakan goma sha biyar ɗin da kake ɗauka kana wani, su ne suke ɓacewa, sau uku 45. Agogo mai kyau akwai wata ƙafa ta biyu mai haƙora a jikin gangar igiyar da ɗan sifirin da ɗan harshe mai riƙe ta, shi ke ci gaba da tura injin har ka gama, Harrison ɗin da Malam ya ambata shi ya ƙirƙiro. Naka ko dai ba a yi shi da ita ba, ko harshen ya maƙale da tsohon mai, ko sifirin ya mutu.

Malam Tukur: Kai! Wallahi ko kusa tunanina bai je nan ba. Baba a gafarce mu.

Kabiru_K: Tauraron ɗan adam sama da ashirin a sama, injiniya da malamin lissafi a ƙasa, ashe makulli ne 😂😂

Inj. Hauwa: Na sallama Baba. Ta ɓangarena akwai mafita biyu in ba a son buɗe injin. Ko a sa maɓalli ya danna yayin da yake wani, allon ya ƙirga zagayen da suka wuce a banza ya ɗauke su bashi, ya riƙa turi duk dubawa har ya biya, zai ɗauki kwana ɗaya ko biyu tunda turin ƙarami ne. Ko a manna ɗan faifan fizo, mai mayar da girgiza ta zama siginar wuta, a bayan akwatin ya riƙa jin tik ɗin kansa, sai a ƙirga bugun injin maimakon wucewar lilo. Na biyun ya fi tsafta amma sai an yi fama da ƙarar rufe ƙofa da takun mutane.

Baba Mai Agogo: 'Yata duk wannan na mene ne, abin da ɗigon mai zai gyara. Baban Ummi cire hannayen da fuskar, ka leƙa bayan babbar ƙafar da igiya ke naɗuwa. In ka ga ƙafa biyu masu haƙoran zarto, to akwai ta. Taɓa dogon harshen da tsinken sakace, ya kamata ya faɗo da kansa kan haƙoran.

Baban Ummi: Baba na buɗe. Ƙafa biyu ne kamar yanda ka ce, harshen kuma a ɗage yake ya sandare, da na taɓa shi da ƙyar ya motsa, akwai wani baƙin abu kamar danƙo a gindinsa. Na goge da ɗan fetur a auduga yanzu yana faɗowa da kansa har da ɗan ƙara. Na gwada wani zagaye biyu, tik tak bai yanke ba. Mai fa, wanne zan sa, akwai na keken ɗinki a gida.

Baba Mai Agogo: Kar ka sa na keke, yana yaɗuwa ya bar wurin. Na agogo za ka nema, ɗigo ɗaya a bakin allura, a gindin harshen kawai, haƙoran a bar su a bushe. Ka saita hannun da GPS ɗin naku yau, Lahadi biyu masu zuwa ka dawo ka gaya mana.

Auwalu Tronics: Anti Hauwa ni dai ki turo mun kod ɗin, akwai wani na tebur a gidanmu mai ɗan gajeren lilo, bugunsa 130 da wani abu a minti na kasa ƙirgawa daidai

Inj. Hauwa: Ƙirgo haƙoran tukuna Auwalu, daga ƙafar da ke juya hannun minti har zuwa ta ƙarshe, manya da ƙanana. Kuma in na sifirin ne ka sani ranar da aka masa wani da ranar shida ba gudu ɗaya yake ba, sai mun ba shi tazarar latti da ta fi ta Baban Ummi.